Bakteriya Masu Cin Metanol: Mene Ne Amfaninsu?

Metan shi ne babban sinadarin da ke cikin iskar gas, kuma yana fita daga ruɓaɓɓen kashin dabbobi da juji. Daga gare shi ake samar da metanol, wani ruwa mai sauƙin adanawa da jigila.

Masana'antun da ke kiwon bakteriya domin samar da magunguna, leda ko abincin dabbobi sun saba ciyar da su da sukarin rake ko na masara, wato abincin da ɗan Adam ke buƙata. Shi ya sa masana suka karkata ga metanol.

A 1980, kamfanin ICI na Ingila ya fara sarrafa abincin dabbobi mai suna Pruteen daga bakteriya masu cin metanol, amma arahar waken suya ta durƙusar da shi. A 2020, masana a Taiwan suka sauya ƙwayoyin gadon bakteriyar E. coli har ta rayu da metanol kaɗai. A 2024, masu bincike a Zurich ta Suwizalan suka sa irinta ta samar da sinadarin leda mai ruɓewa.

Batun ya shafi Nijeriya, wadda har yau take ƙona gas a banza a rijiyoyin mai, alhali masu kiwon kaji da kifi a Keffi da sauran garuruwa suna kokawa da tsadar masara da waken suya. Babban cikas shi ne dafin metanol: idan ya yi yawa, yana kashe bakteriyar.