3.2 Hatsi da Kanwa a Tarihin Turkar Shanu a Kongolam

Garin Kongolam yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, a arewacin Daura, kan hanyar da ta nufi Damagaram. Kusancinsa da kasuwar shanu ta Mai'aduwa, wadda ke ci ranar Lahadi, shi ya sa manomin yankin ke iya sayen ramammen sa bayan kaka, ya ɗaure shi a turke wata uku ko huɗu, sannan ya mayar da shi kasuwa.

Abin lura a nan shi ne, hatsi bai taɓa zama ginshiƙin wannan kiwo ba. Gero da dawa abincin iyali ne, kuma farin 1973 da na 1984 sun ƙara nuna wa magidanta haka. Don haka abin da dabba ke samu shi ne abin da ya rage daga gona da turmi, wato harawa da kowa da dusa, sai angurya ga mai hali. Ita kuwa karsana ba kasafai ake turke ta don yanka ba, saboda ita ce garken gobe. Mai sayar da ita, galibi wata matsuwa ce ta kai shi.

A Amurka al'amarin ya sha bamban. A can ana tara karsanai a shinge ana ɗura musu masara, har hatsi ya rinjayi ciyawa nesa ba kusa ba. Yawan hatsi kuwa yana sa tumbin dabba ya yi tsami, ta kumbura, wani lokaci ta mutu. Wannan na cikin dalilan da suka sa suke cuɗa magunguna a abincin, irin su Rumensin da aka amince da shi a 1975. Tarayyar Turai kuwa ta hana ba dabbobi magungunan ƙwayoyin cuta don ƙiba tun 2006.

Makiyayin Kongolam yana da nasa mahaɗi tun kafin wannan zamani, wato kanwar da fatake ke kawowa daga ƙasar Manga. Yana jiƙa ta a ruwan dusa don dabba ta sha sosai, ta kuma ci. Sinadarin da ke cikinta dangin wanda masana ke ba shanu ne don kashe tsamin tumbi, sai dai shi da ido yake aunawa, kuma idan hannunsa ya yi nauyi dabbar kan kama zawo.