Itatuwan Gonakin Shanono da Asalin Sunayensu na Kimiyya

Ƙasar Shanono, wadda ke arewa maso yammacin Jihar Kano daura da iyakar Katsina, yawan jama'a ya sa noma ya cinye dajinta tun da daɗewa, ta yadda itatuwan da suka rage su ne waɗanda manoma suka bari da gangan a tsakiyar gonaki saboda amfaninsu, irin su ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya. Kowanne daga cikinsu suna biyu gare shi, wato na Hausa da aka gada kaka da kakanni, da na kimiyya da ake ginawa da harshen Latin bisa tsarin da Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, ya kafa a 1753, inda kalmar farko ke nuna dangin tsiro, ta biyu kuma ta bambanta shi da 'yan'uwansa.

Sunan ɗorawa shi ya fi kusa da tarihin Kano. A watan Janairu na 1824 Baturen bincike Hugh Clapperton ya shigo birnin Kano daga Barno, kwanaki kaɗan bayan abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya rasu a Murmur kusa da Katagum. Tsirran da ayarin ya tattara aka kai wa masanin tsirrai Robert Brown a Landan, shi kuwa a bayanin da ya rubuta a ƙarshen littafin tafiyar a 1826 ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia domin tunawa da Baturen bincike Mungo Park, wanda ya halaka a kogin Kwara wajen Bussa a 1806 ba tare da ƙafarsa ta taɓa taka ƙasar Kano ba. Kalma ta biyu, biglobosa, ma'anarta mai dunƙule biyu, kuma tana siffanta jan furen da ke reto a doguwar igiya da rani, babban dunƙule a ƙasa da ƙarami a samansa. Bahaushe bai tsaya kan siffa ba, domin ya bi itacen gaɓa-gaɓa yana sa suna: ƙwayar ita ce kalwa, idan mata suka dafa ta suka rufe ta ta ruɓa sai ta zama daddawa, ɓawon kuma shi ake jiƙawa a sami makuba, wadda ake yayyafa wa daɓe da bango don su yi ƙarfi.

Kuka ta sami sunan Adansonia digitata daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Sanagal a 1749, sannan digitata na nufin mai kama da yatsu, kamar yadda ganyenta yake. Labarin gawo ya fi wannan ɗaci. Itacen da manoma ke ƙauna saboda yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, kuma ya ciyar da dabbobi da rani, an daɗe ana kiransa Acacia albida, har sai da Auguste Chevalier ya ware masa dangi na kansa a 1934 ya kira shi Faidherbia, da sunan Louis Faidherbe, gwamnan Faransa a Sanagal wanda ya yaƙi Alhaji Umaru Futi. Ita kuwa tsamiya, Tamarindus indica, asalin sunanta Larabci ne, tamr hindi, wato dabinon Indiya, alhali galibin masana na ganin Afirka ce mahaifarta.

Wanda ya haɗa sunayen biyu wuri guda shi ne John McEwen Dalziel, likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kafin babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma ya fito a 1937. Shi ma ya sami rabonsa tun a 1910, lokacin da John Hutchinson na lambun Kew ya sa wa hano suna Boswellia dalzielii, wato itacen nan na wuraren duwatsu mai ɓawo kamar takarda, wanda ake turara ƙaronsa a ɗaka.