Cci a saƙon imel: yadda adireshin da aka ɓoye ke fitowa fili

Jama'a, a nan Gaya ƴan transit, ƙungiyoyi da ƴan kasuwa masu hulɗa da Malanville da Kamba kan tura saƙon imel ɗaya ga mutane da yawa. Domin kada wani ya ga adireshin wani, akwai layin Cci, wanda masu Ingilishi ke kira Bcc. To amma wannan sirri yakan tonu.

Yadda abin ke aiki

Saƙon imel kamar wasiƙa ne a ambulan. Sabar, wato kwamfutar da ke rarraba saƙonni, ambulan take dubawa. Kafin saƙo ya isa, ya kamata a goge layin Cci daga kan wasiƙar. Manhajar sabar mai suna Postfix takan goge shi da kanta, amma Exim ba kullum ba, domin sau da yawa takan bar aikin ga manhajar da aka rubuta saƙon da ita.

Ta ina sirrin ke fita?

Hanyoyi uku ne suka fi yawa: a zuba adireshi a Cc maimakon Cci, manhaja ta bar layin ba ta goge ba, ko wanda aka ɓoye ya danna Répondre à tous, ya tona kansa.

Ba ƙaramin abu ba ne. A 2015, asibitin 56 Dean Street na Landan ya tura wa kusan mutum 780 saƙo kan cutar sida, kowa yana ganin adireshin kowa. A 2016 aka ci tarar hukumar asibitin fam dubu 180. A Nijar ma, tun 2017 akwai dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido.

Gwajin minti biyar

Ku tura saƙo zuwa adireshi biyu naku, ɗaya a layin À, ɗaya a Cci. Ku buɗe wanda ya iso adireshin farko. A Gmail, ku zaɓi Afficher l'original. Ku nemi adireshi na biyu a cikin rubutun gaba ɗaya. In kun gan shi, to akwai matsala: ku dakatar da turawa, ku kira mai kula da sabar ɗinku.

Shawararmu: in batun farashin kaya ne, bashi ko rashin lafiya, ku tura wa kowa nasa daban.