Mai'aduwa: Ƙasa, Tarihi da Kasuwar Bakin Iyaka

Wanda ya dubi taswirar Nijeriya zai ɗauka Mai'aduwa ƙarshen ƙasa ce, don daga ita sai Jamhuriyar Nijar. Wannan kallo ne na ofis. A idon tarihi da kasuwanci, garin yana tsakiyar wani yanki guda na Hausawa da ya haɗa Daura da Damagaram, kuma sai an fahimci haka za a gane yadda ƙasa mai ƙarancin ruwa take ɗauke da jama'a masu yawa haka.

Mai'aduwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu. Faɗinta murabba'in kilomita 528 ne, ƙidayar 2006 kuma ta samu mutane sama da 200,000 a cikinta. Ke nan kusan mutum 380 ne a kowane murabba'in kilomita, cunkoson da ba a tsammani a bakin Sahel. Yawancin ƙasar jigawa ce, damina kuwa gajera, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka gero ne ginshiƙin abinci, sai dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Manomin yankin ba ya sare gawo a gonarsa: bishiyar na zubar da ganye da damina, inuwarta ba ta danne shuka, da rani kuma 'ya'yanta su ciyar da dabbobi. Dam ɗin Sabke ya buɗe ƙofar noman rani, amma ga 'yan tsirarun ƙauyuka kawai.

Tarihin siyasar yankin ya fi labarin ƙasarsa sarƙaƙiya. Bayan fara jihadi, wajen 1805, Malam Ishaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ta kafa sarauta a Zango da Ɓaure, ta kuma shiga inuwar Damagaram. Kusan shekara ɗari ƙauyukan ƙasar Daura suna tsakanin masu iko biyu, ɗaya yana kallon Sakkwato, ɗaya yana kallon Zinder. M. G. Smith ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura.

Zuwan Turawa ya sake fasalin komai. Ingila da Faransa sun ja layi a takarda a 1890, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, musamman don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Zinder da Tafkin Cadi. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi ƙasa ana kafa alamomin iyaka. A 1904 Ingilishi suka mayar da sarautar Daura hannun Malam Musa na gidan Zango. Ba a tambayi manomi ko makiyayi ba, sai dangi suka wayi gari wasu ƙarƙashin Ingila, wasu ƙarƙashin Faransa. William Miles, wanda ya zauna a 'Yardaje da Yekuwa, ƙauyuka biyu da iyakar ta raba, ya nuna a littafinsa na 1994 yadda layin ya bambanta makaranta da sarauta da kuɗi, amma bai iya raba aure da zumunci ba. A ɓangaren sarauta kuwa, a yau Galadiman Daura ne hakimin Mai'aduwa, abin da ke nuna girman matsayin gundumar a fada.

A ganina, abin da ya ɗaga garin shi ne ya mai da iyakar nan jari. Titin Daura zuwa Zinder yana ratsa Kwangwalam ya faɗa Ɗan Barto da Matamaye, kasuwar Mai'aduwa kuwa tana ci kowace Lahadi. Tun da hantsi kara ta cika da shanu da raƙuma da raguna uda da balami, da yawansu daga Nijar. Dillali ya riƙe hannun mai saye ana ciniki, a yi sallama, ya karɓi la'adarsa. Gefe guda 'yan canji na juya sefa zuwa naira, kafin magariba kuma tireloli sun ɗau hanyar Kudu. Mutanen Nijar su koma da hatsi da kayan masarufi. Mai abinci da ɗan dako da ɗan acaɓa duk a ranar suke samun na mako.

Nan kuma raunin yake. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda takunkumin da ya biyo bayansa ya kai har Maris na 2024, Mai'aduwa ta ji a jikinta kafin manyan birane su ji. Shawarar da ake yankewa a Abuja da Yamai tana iya yi wa garin illar da ta kai ta fari.

Tarihin ƙauyukan Mai'aduwa irin su Koza da Bumbum da Natsalle da Maikoni yana bakin dattawa da masu unguwanni, yawancinsa ba a rubuce ba. Ya kamata ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su shiga waɗannan ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya tun masu labarin suna raye.