Hoton naka ne, mutum-mutumin fa?

In ka ɗauki mutum-mutumi ko zanen wani da wayarka a taron masoya finafinai, kar ka yi saurin sayar da hoton. Ji abin da ya faru a Amurka.

A 1995 aka buɗe dandalin tunawa da Yaƙin Koriya a Washinton, da mutum-mutumin sojoji 19, aikin Frank Gaylord. Wani mai hoto, John Alli, ya ɗauke su cikin dusar ƙanƙara. A 2003 hukumar gidan waya ta mayar da hoton kan sarki. Ta biya Alli dala 1,500, Gaylord kuwa ko sisi!

Sai ya garzaya kotu. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, a 2013 aka yanke a biya shi kusan dala 685,000.