Daga Akwatin Gidan Waya Zuwa Adireshin Intanet

Kafin wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, wanda ke Legas ko Kurmi yana son aika wasiƙa ƙauye irin Furfuri, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ba sunan unguwa yake rubutawa ba. Lambar akwatin gidan waya na Gusau yake sawa, na wata makaranta ko ofis, ya ƙara da "ta hannun wane". Akwati ɗaya, mutane da yawa. Mai makulli ya kwaso, ya rarraba.

Abin mamaki, intanet ma a kan wannan tsohuwar al'ada ta zo ta zauna, kuma talauci ne ya jawo: talaucin lambobi.

A 1981 aka tsara adireshin da kwamfutoci ke gane juna da shi, wato IPv4. Lambobin ba su wuce biliyan 4 da miliyan 300 ba, aka ɗauka har abada sun isa. Sai aka yi rabon 'yan gida. Kamfanin motoci na Ford shi kaɗai ya kwashi sama da miliyan 16, jami'ar MIT ta Amurka ma haka. Afirka kuwa ba ta samu cikakkiyar hukumar rabonta ba, AFRINIC da ke tsibirin Morishus, sai 2005, lokacin da tukunya ta yi ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 aka raba ƙunshi biyar na ƙarshe, kowane yanki na duniya ɗaya, rumbun duniya ya ƙare.

Tun 1994 masana suka fito da dabarar NAT. Kamar zauren gida take: ɗakuna goma a ciki, ƙofa ɗaya a bakin titi. Na ciki yana iya fita ya dawo da amsa, amma baƙo ba ya iya sallama da shi kai tsaye. Da ita shagunan intanet na farko suka rayu a biranen Arewa, faranti ɗaya na tauraron ɗan'adam a kan rufi, janareta na ruri a waje, kwamfutoci jere suna shan layi ɗaya, ɗalibai na jiran sakamakon jarrabawa ya buɗe.

Ita kuwa kwamfutar cikin kwamfuta, wadda manhaja ke ƙirƙirowa, ta girmi IPv4 da NAT. IBM na sarrafa irinta tun shekarun 1960. Kamfanin VMware ya sauko da ita kan teburin kowa a 1999, VirtualBox ya zama kyauta a 2007. Da shi ɗaliban kimiyyar kwamfuta, irin na Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, kan koyi Linux ba tare da sun goge abin da ke cikin laftof ɗinsu ba.

A nan tarihin ke cin karo da mai koyo. Ya kunna sabuwar na'urar da VirtualBox ya ƙirƙiro masa, ya duba lambarta, ya ga 10.0.2.15: an sa ta ƙuryar ɗaki, laftof ɗin ne zaurenta. Sai ya shiga saiti ya zaɓi gada, tsarin da ke haɗa ta da layin gida kai tsaye kamar kwamfuta mai zaman kanta. Lamba ta canza, ta fara da 192.168. Murna. Ya aika wa abokinsa a Tsafe ya gwada shiga, shiru.

Gadar ba ta yi ƙarya ba, iyakarta tsakar gida. Ƙaramar na'urar waifai da ke gefen tabarmarsa zaure ce, kamfanin sadarwar da ke bayanta kuma wani babban zaure ne da ya tara ɗimbin masu layi a bayan 'yan lambobi kaɗan. Gada tana ba da adireshin fili ne kawai inda layin da aka jona yake da irinsa na rabawa, kamar a cibiyar ajiyar bayanai ko ofishin da ya sayi lamba tsayayya.

Maganin yana nan tun 1998, IPv6, mai lambobin da ba za su ƙare ba, sai dai kamfanoni sun yi ta jan ƙafa, kuma laifin nasu ne, ba na ɗalibi ba. Shi ya sa matashin Furfuri da ke son duniya ta iske aikinsa kan kama hayar na'ura a Turai ko Amurka. Can ma lambar IPv4 ta zama kayan sayarwa: daga Fabrairu 2024 Amazon ke cajin dala 3 da rabi da ɗoriya a wata kan kowace guda.