Kuɗin Ambaliya: Daga Damunar 2004 Zuwa Yau

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a garin Gombe a watan Agustan 2004 ba sai an ba shi labari ba. Ruwa ya sauko daga tudun Akko ta yamma, ya cika kwaruruwan da suka ratsa gari, ya shiga gidaje, ya tafi da rayuka da dukiya. Har yau tsofaffin unguwarmu da wannan shekara suke auna kowace damuna. In hadari ya haɗu sai ka ji ana cewa, Allah dai ya raba mu da irin na wancan karo.

Asalin matsalar ta girmi 2004. A 1919 aka dawo da hedkwatar masarauta daga Nafaɗa zuwa Gombe Doma, wuri mai gangare da ƙasa mai rairayi. Auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa suka jawo iyayenmu da kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau da sauran ƙasar Hausa. Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, gari ya ƙara batsewa. Baƙo kuwa inda ya samu fili mai araha nan yake gini, ko da bakin kwari ne. Shi ya sa in ruwa ya yi ɓarna, talakan da ke gangare ne yake fara kwasa.

To, wa ke da alhakin agaji, kuma da wane kuɗi? Tun 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli, wanda ake cire masa kaso daga asusun tarayya domin zaizayar ƙasa da ambaliya da fari. A 1999 aka kafa hukumar NEMA ta ba da agajin gaggawa, jihohi kuma suka kafa nasu da ake kira SEMA. Wato buhun shinkafa da bandir ɗin kwano da ake rabawa bayan ambaliya ba kyautar wani mai mulki ba ce. Kuɗin jama'a ne, an rubuta su a kasafi.

Babbar jarrabawa ta zo a 2012, shekarar da Kogin Kwara da Binuwai suka yi ambaliya. NEMA ta ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A watan Oktoba Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi gida huɗu gwargwadon ɓarna. Gombe ta faɗa rukuni na uku, na naira miliyan 300. Aka kuma kafa kwamitin neman gudummawa ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote da lauya Olisa Agbakoba. A 2024, shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha. Kun ga adadi sai hawa yake yi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a cikinmu wa ya taɓa ganin takardar da ta nuna yadda aka kashe irin waɗannan kuɗi, gida nawa suka samu, nawa-nawa?

Wannan tambaya ba neman fitina ba ce, tarihi ne ya koya mana ita. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, shekara 14 kan karkatar da fiye da naira biliyan 1 na asusun muhalli. Daga baya an rage hukuncin, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Kuɗin da aka ce na gyaran ƙasa ne, ga inda suka bi.

Ba kuma a ce ba a yi komai ba. An gina manyan magudanan ruwa a cikin gari, an tare wasu kwaruruwa da tallafin Bankin Duniya ƙarƙashin shirin NEWMAP, an dasa itatuwa. Mai gaskiya ba zai musa ba. Sai dai aikin da ido ya gani daban, lissafin da aka ɓoye a ofis daban.

Doka ta tanadi masu sa ido. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wanda tsarin mulki ya ɗora wa duba asusun gwamnati ya kai rahoto majalisa. Akwai kwamitin majalisar dokoki mai bin diddigin kuɗin jama'a. Ɗan majalisar da muka zaɓa yana iya neman majalisa ta kira shugaban hukuma ya yi bayani. Amma in ba a matsa masa daga gida ba, da wuya ya motsa.

Abin da ya rage namu ne. Kafin damuna ta kankama, mai unguwa da limamai da ƙungiyar matasa su zauna su rubuta gidajen da ke bakin kwari. In ɓarna ta auku, mu yi namu lissafin da suna da lambar gida, mu ajiye kwafi. In kayan agaji sun zo, a ƙirga su a bainar jama'a, a karanta sunaye a ƙofar masallaci. Sannan mu riƙa tambayar wakilinmu nawa aka sa wa agaji a kasafin bana, nawa aka saki. Mu ma mu daina zuba shara a lambatu, don ruwa ba ya manta hanyarsa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a 2004, ya ba mu damuna mai albarka.